Filin Mata: Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe

 

Makon jiya na yi muku alkawari yau za mu yi zancen yaye, amma ku gafarce ni, sai wani jiƙon. Wata takarda ce ta iso mini daga wata 'yar'uwa a Ƙofar Marusa, tun da na karanta ta ban sami sukuni ba. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, ba kuwa zan faɗa ba. Shekararta 38, 'ya'yanta biyar. Ta ce yau wata huɗu ke nan tana jin wani ƙullutu a nononta na hagu, da fari kamar ƙwayar gyaɗa, yanzu ya kai gurjiya, ba ya ciwo, ba ya kuma motsi. Ba ta gaya wa maigida ba. Ta dai gaya wa mahaifiyarta, ita kuwa tsohuwa ta ce mata kul, kada ta kuskura ta taka asibiti, don in daji ne, ai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bi jiki. A ƙarshen takardar sai ta ce, "Malama, don Allah akwai yadda za a san ko mene ne ba tare da an yanka ni ba?"

Akwai, Yaya, hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Amma kafin in zo kansu, bari in fara da wannan magana ta ƙarfe, don na san ba a gidanku kaɗai a ke yin ta ba. A gidanmu ma an yi ta, ta kuwa ci mana mutum.

Gwaggona ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda aka kai ni wurinta yaye, ta riƙe ni har na shiga firamare. Ina shekara ta biyu a kwalejin horon malamai na zo hutu, na ga ta sauya ɗaurin zane, kullum da mayafi a kafaɗa ko da a tsakar gida ne, ga turaren wuta ba ya yankewa a ɗakinta. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, sanyi ne." Ashe kusan shekara biyu ke nan tana fama. An sha jiƙo, an shafa, an yi hayaƙi. An kira wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, daga baya har sakiya aka yi. Ku duba wannan abin mamaki: macen da a ke hana wa wuƙar likita don kada ƙarfe ya taɓa daji, ita ce aka miƙa wa askar wanzami da jan ƙarfe daga wuta. Sai da wari ya tona asirin kāna aka ɗauke ta zuwa asibiti a wani gari. Aka yi mata aiki don a rage mata azabar gyambon, bayan wata biyar ta cika. Allah ya jiƙanta.

Ran sadakar uku ina zaune a bakin ƙofa ina miƙa ruwa, na ji manyan mata suna cewa, "Ai mun faɗa, ƙarfe ne ya taɓa shi." Ban tanka ba, yarinya ba ta tsoma baki a zancen iyaye. Amma yau ga ni da fili, zan tanka.

Kowace a cikinku ta san aikin gara. Tana shiga azara ta ciki, tana ci a hankali, daga waje kuwa soro lafiya lau. Shekara ta kewayo, wata ta kewayo, ran nan rufi ya soma zubar da ƙasa, a kira magini. Ya hau, ya taɓa azara, ta ruguje a hannunsa. To, wa ya ka da soron? Magini ne ko gara? Haka zancen nan ya ke. Mata suna zuwa asibiti bayan ciwo ya riga ya gama jiki, likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, mai ciwo ta rasu, sai a ce wuƙa ce. Waɗanda suka je da wuri aka cire musu suka warke kuwa, ba ku jin labarinsu, don sun rufa wa kansu asiri, suna nan cikinmu a gidan biki da gidan suna, ba wanda ya sani. Shi ya sa kunne ba ya jin komi sai labarin waɗanda suka mutu.

Ciwon da mu ke kira daji, ko sankara, ko kansa, ga yadda ya ke farawa. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Kowace ƙwaya tana da lokacin da za ta haifi wata, da lokacin da za ta mutu. Wani lokaci sai ɗaya ta ɓaci, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙari. Muddin ƙarin yana wuri ɗaya, ana iya cire shi duka. In an bar shi, sai waɗansu ƙwayoyin su ɓalle su bi ta kaluluwar hammata da hanyoyin jini, su je su yi sabon zama a ƙashi, ko huhu, ko hanta. Likitoci sun kasa wannan tafiya mataki huɗu. Lokaci ne ke kai shi daga na ɗaya zuwa na huɗu, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka samu da sankarar mama, fiye da 90 suna nan da ransu bayan shekara biyar. A Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu 40. Ciwo ɗaya ne, nono ɗaya ne. Babban abin da ya raba su shi ne ranar da aka gano, da kuma samun magani a kan kari. A nan Nijeriya, ƙiyasin da aka yi na shekarar 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a wannan shekara kaɗai, sama da 13,000 kuma da ta bakin mahaifa. Waɗannan biyu su ne suka fi addabar mata a ƙasar nan, su ne kuma, alhamdu lillahi, suka fi sauƙin ganowa da wuri.

To, mu zo kan hanyoyin. Ta farko ba ta bukatar ko kwabo, don kayan aikinta idonki ne da hannunki. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki da kwana biyu ko uku, sa'ad da nono ya saki, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki tsaya gaban madubi. Ki duba su hannuwanki a sake, sa'an nan ki ɗaga hannuwa sama, sa'an nan ki riƙe ƙugu ki matsa. Abin da ki ke nema shi ne sauyi: ko wani wuri ya lotsa, ko fata ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya koma ciki alhali da ba haka ya ke ba, ko wani ƙurji a kansa da ya ƙi warkewa. Daga nan ki kwanta rigingine, ki sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, ki shafa da cikin yatsu uku na ɗaya hannun, a shimfiɗe, kada ki tsunkula. Ki bi ko'ina a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa, tun daga ƙashin wuya har ƙarƙashin nono, ki shiga har cikin hammata. Ki lura ko wani ruwa yana fita da kansa ba ki da goyo, musamman in da jini. Iyayenmu da suka daina ganin al'ada su riƙa yi duk ran da aka ga sabon wata, don kada a manta.

Abu guda nake so ku riƙe da kyau: galibin wannan ƙari ba ya ciwo da farko. Rashin ciwon nan shi ya yaudari Gwaggo, shi ke yaudarar Yayarmu ta Ƙofar Marusa. Mu kuwa mun saba, abin da bai hana mu daka da wanki ba, ba mu kiransa ciwo. Haka kuma masu goyo: nono ya kan yi ƙullutu ya yi zafi saboda taruwar ruwa ko ƙurji, wannan sananne ne, yana kuma jin magani. Amma in an sha magani zafi ya tafi ƙullutu ya zauna, kada a ce ai na goyo ne a jira sai an yaye.

Kada kuma wadda ta taɓa ta ji wani abu ta ce shi ke nan tata ta ƙare. Cikin ƙullutu goma da a ke samu a nono, wajen tara ba sankara ba ne. Wani ruwa ne ya taru, wani tsiro ne mara lahani da 'yammata ke yawan samu. Sai dai hannunki ba zai iya rarrabe miki wannan da wancan ba.

A nan ne zan gaya muku wani abu da ba a cika faɗa ba a wurin wa'azin lafiya. An gwada wannan duba kai da kai a birnin Shanghai na ƙasar Sin, a kan mata ma'aikatan masaƙu sama da 266,000. Aka koya wa rabi, aka bar rabi. Da aka fitar da sakamakon ƙarshe cikin 2002, sai aka ga yawan masu mutuwa bai bambanta ba. Watau duba kai, shi kaɗai, ba ya ceton rai. A birnin Mumbai na Indiya kuwa sai aka bi wata hanya tun daga 1998. Aka ɗauki mata masu ilmin sakandare aka horar da su, suna shiga unguwannin talakawa suna duba nonon mata da hannu duk shekara biyu, wadda aka ji mata wani abu a kai ta asibiti. Mata sama da 150,000 ne cikin wannan gwaji, aka bi su shekara 20. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ana gano ciwon tun bai yi nisa ba, kuma a cikin mata masu shekara 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Abin da na fahimta a nan shi ne, hannunki ɗan aike ne kawai, aikinsa ya kai ki wurin hannun da aka horar. In ya ji abu kika zauna a ɗaki, da jin da rashin jin duk ɗaya.

Saboda haka hanya ta biyu ita ce hannun malamar asibiti ko likita. Ba allura, ba wuƙa, ba ko magani. Minti kaɗan ne. Duk ran da kika je awo, ko kika kai yaro rigakafi, ki ce, "Malama, don Allah ki duba mini nono." Ba roƙon alfarma ba ne, cikin aikinta ya ke.

In ta ji abin da ba ta gamsu da shi ba, sai ta tura ki hoto. Hoton iri biyu ne. Na ɗaya kun riga kun san shi, shi ne sikanin da a ke yi wa masu ciki, wanda a ke shafa wani mai sanyi a fata a goga wani ɗan abu a kai. Sauti ya ke aikawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kamar yadda murya ke dawowa in kin yi magana a bakin rijiya, na'ura kuma ta mai da shi hoto. Da shi a ke gane ko ƙullutu ruwa ne a ciki ko tsoka. Ya fi dacewa da mata masu ƙuruciya, waɗanda nononsu ke da ƙarfi, ba ya kuma cutar da mai ciki ko mai goyo. Macen da ta yarda aka goga wannan abu a kan ɗan da ke cikinta, ban ga dalilin da za ta ji tsoronsa a kan nononta ba.

Na biyu shi a ke kira mamogiram. Dangin hoton ƙirji ne da na karaya, sai dai haskensa kaɗan ne ƙwarai. Ana ɗora nono tsakanin faranti biyu a matsa na ɗan lokaci. Waɗanda aka yi wa sun ce da ɗan zafi, amma kafin ki ce wayyo an saki. Amfaninsa shi ne yana ganin abin da hannu bai isa ya ji ba tukuna, ko da bai wuce ƙwayar gero ba. A Ingila hukuma ke aika wa mace takardar gayyata duk shekara uku tun daga shekara 50. A Amurka, a 2024 masana suka ba da shawara a fara tun daga 40, duk shekara biyu. Mu nan ba mai aiko miki da takarda, kuma da yawa daga matanmu da ke kamuwa ba su kai 50 ba. Don haka wadda ta kai 40, ko wadda aka taɓa yi wa uwarta ko 'yar'uwarta ciki ɗaya, ita ya kamata ta ta da zancen da likita da kanta.

Yanzu, Yaya, ba zan ɓoye miki ba, don in na ɓoye kika je kika tarar, ba za ki ƙara yarda da ni ba. Duk waɗannan hanyoyi nuni su ke yi. In hoto ya nuna ruwa ne ko wani abu mara lahani, sau da yawa magana ta ƙare ke nan, ki koma gida ki yi barci. In kuwa ya nuna abin tuhuma, ba a tabbatarwa sai an kashe wurin da magani an sa allura an ɗebo ɗan mitsitsi, a duba shi a madubin likita. Ga ƙarfen da tsohuwa ke tsoro ya zo. Wannan allura ba ta fusata komi, ba ta kuma watsa ciwo. Duk matan can da na ce fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa, ta wannan ƙofa suka bi. Kuma wadda ta zo da ƙari ƙarami, sau da yawa shi kaɗai a ke cirewa a bar mata nononta. Mai jinkiri ita ce ke haɗuwa da babbar wuƙa.

Mu koma ga ɗaya ciwon, na bakin mahaifa, wanda kunya ta fi rufewa. Shi wannan wata ƙwayar cuta ce ke haddasa kusan dukansa, likitoci suna kiranta HPV. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Ta wurin kwanciyar aure a ke ɗaukarta, tana da yawa ƙwarai a duniya, kuma samunta ba shaidar lalata ba ce, don mace mai miji ɗaya tak tana iya samu. Galibi jiki ya kan kore ta da kansa. A wurin waɗansu kuwa sai ta zauna, ta yi ta sauya fatar bakin mahaifa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ku dubi tsawon wannan lokaci. Yarinyar da aka haifa ran da abin ya soma, sai ta isa aure kafin ya zama ciwo. Duk cikin shekarun nan ana iya ganinsa a kashe shi, amma mace ba ta jin komi, sai in an duba.

Dubawar kuwa, wallahi da na ji yadda a ke yi sai da na riƙe baki. Ruwan kal ne, irin wanda ku ka sani, mai sauƙin tsami, kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Malama za ta sa ki kwanta kamar za a yi awo, ta sa wani ɗan abu ta buɗa don ta gani, ta shafa ruwan da auduga a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. Wurin da ya fara ɓaci sai ya yi fari. In ƙarami ne, akan kashe shi da sanyi ko da ɗumi, wani lokaci ma a ranar, ba yanka, ba kwanciya asibiti. A can Mumbai ɗin da na ambata an gwada wannan ma, a 2013 aka ba da labarin mutuwa daga wannan ciwo ta ragu da kashi 31 cikin 100. Amma ina roƙonku, kada wata ta karanta wannan ta je ta ɗauko kwalbar kal ta ce za ta yi wa kanta. Ba magani ba ne, ba ya wanke komi, sai ma ya ƙone ki. Idon malamar ne ke aiki, ruwan haska mata kawai ya ke yi.

Akwai kuma tsohuwar hanya wadda wani likita Bagirke mazaunin Amurka, George Papanicolaou, ya fito da ita, littafinsa a kai ya fito a 1943: a shafo bakin mahaifa a kai ɗakin gwaji. Sabuwar hanya kuma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021, ita ce a nemi ƙwayar HPV ɗin kanta. Abin da zai faranta wa masu kunya rai shi ne, inda a ke da wannan gwaji, mace tana iya shiga ɗaki ita kaɗai da ɗan tsinke mai auduga ta shafo da kanta ta miƙa. Shawarar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, a maimaita duk shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau ta fara daga 25, ta kuma riƙa yi a kai a kai, don a wurinta abin ya fi sauri. In duk ba ta samu ba, to, ko sau biyu ne a rayuwa, a 35 da 45.

Wadda kuwa ke ganin jini bayan kwanciya da maigida, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ita ba jiran wata shekara za ta yi ba. Mun iya cewa "sanyi ne." Sanyin nan ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba.

'Yammata kuma an samo musu rigakafi. Nijeriya ta fara allurar HPV a watan Oktoba na 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, ta iso Jihar Katsina a zagaye na biyu, a watan Mayu na 2024. Na ga iyaye da suka hana, wai tana hana haihuwa. Ban ga haka a ko'ina cikin abin da na karanta ba, ƙasashe fiye da 100 kuwa suna yi wa 'ya'yansu. Wannan zance ne na wata rana.

Wata za ta ce, ba a iya ganewa ta jini ne, a huta da tuɓe zane? Masana suna kan aikin. Ƙari ya kan zubar da ɓurɓushinsa cikin jini, ana kuma ƙera gwaje-gwajen da za su tsinto shi. A 2021 aka fara gwada irin wannan a Ingila a kan mutum wajen 140,000, a 2024 kuma Amurka ta amince da wani gwajin jini na sankarar hanji. Amma suna da tsada, sukan kuma tsallake ƙaramin ƙari, wanda shi ne mu ke nema. Ba su maye gurbin hannu da hoto da ruwan kal ba. Ina faɗin wannan ne saboda masu yawo gida gida da wata 'yar na'ura a jaka, su ce ki riƙe wani ƙarfe a tafin hannu, kwamfuta ta lissafo miki cututtukanki tun daga kai har ƙafa, kāna su ciro maganin da su ke sayarwa. An zo da ita makarantar da na ke koyarwa, ta ce wa malamai huɗu a jere duk ciwonsu ɗaya, maganinsu ma ɗaya. Ba na'urar da ke ganin daji ta tafin hannu. Kuɗin da za ki ba su ya isa kuɗin mota da na kati.

Tun da ido muka fara da shi, ga wani abu a gurguje game da yara. In kin ga tsakiyar idon ƙaramin yaro yana walƙiya fari da dare ko a hoto, kamar idon kyanwa, ki kai shi wurin likitan ido cikin makon nan. Akwai wata sankarar ido ta yara da ke farawa haka, uwa ce kuma ta kan fara gani.

Saura zancen ina za a je, da wa zai biya, da wa zai ba da izini. A da, wanda ciwonsa ya kai ga gashi da na'ura sai an ɗauke shi zuwa Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ga kuɗin mota, ga na masauki. A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, tare da irinta a Inugu da Binin. Wannan abin godiya ne. Amma ba can za ki fara ba. Ki fara da asibitin da ki ke zuwa awo a unguwarku, ko Asibitin Mata da Yara na Turai, ko Babban Asibiti, su za su tura ki gaba in da bukata. Ki kuma kasa kunne a watan Oktoba da ran 4 ga Fabrairu, lokacin ne aka fi yin gangamin duba mata. Ke da ke da ƙullutu a hannu dai ban ce ki jira Oktoba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kamata ya yi daga ran da mace ta kai kuka asibiti zuwa ran da za a san ko mene ne, kada a wuce kwana 60. Ke kin riga kin ci 120 a ɗaki.

Kunya kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun haihu a gaban ungozoma da malaman asibiti, ba abin da ba su gani ba. Kina da iko ki ce mace ki ke so ta duba ki, in kuma namiji ne kaɗai a wurin, ki ce a tsayar miki da malama, ko ki shiga da 'yar'uwarki.

Na san masu gida da yawa suna karanta filin nan a ɓoye, har waɗansu su ne ke karanta wa iyalinsu. To, Malam, da kai na ke. Matarka ba ta gaya maka ba ne don tana tsoron abu biyu: kada ka ce ba kuɗi, da kada ka guje ta. Kai ne za ka ce mata yau da dare, "Shin kin taɓa zuwa an duba ki?" Kuɗin sikanin bai kai na atamfa ɗaya ta Salla ba. Uwargida da amarya kuma, ko ba a ga maciji, wannan rana ɗaya a ajiye, a tafi tare, ɗaya ta riƙe wa ɗaya yaro.

Yaya ta Ƙofar Marusa, ki gaya wa maigida yau. In bakinki ya yi nauyi, ki miƙa masa jaridar nan ki nuna masa wurin da yatsa. Tsohuwa kuma kada ki yi musu da ita, tsoron rasa ki ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ki ce mata hoto za a yi, irin na masu ciki, gaskiya kuwa kika faɗa. Ran Litinin ba ni da darasi sai bayan tara, in kina son rakiya ki aiko da yaro ofishin jarida kafin Lahadi, zan zo in same ki a bakin ƙofa da ƙarfe bakwai. Ki zo da katinki na awo in yana nan, ki kuma sa riga da zane, kada ki sa doguwar riga, don ya fi sauƙin dubawa.

Zancen yaye sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.